Makiyayin da Ya Wuce Gaba

"Ina Kawun naka?" in ji Kabir.

"Yana tafe," Shamsuddeen ya amsa, yana kwance igiyar hular kwanonsa. "Yana baya kaɗan."

"Bayan wa? Kai ne fa makiyayi yau, Shamsu. Wa ke zama bayan makiyayi?"

Shamsuddeen ya juya ya dubi titin Zariya ta inda suka fito. Tirela ce ke tahowa tana huci, sai wata bas da ta ɗauko buhunan masara har saman kanta. Babu keke ko ɗaya. A rumfar mai shayin Maraban Jos, inda suka saba yada zango, 'yan ƙungiya sun jingine kekunansu sun zazzauna a benci, ana ta gardamar wanda ya fara isowa. Da jin muryar Kabir, shugaban tafiyar, sai surutun ya fara mutuwa.

Kowace Asabar bayan sallar asuba suke haɗuwa a bakin wani gidan mai a Malali, malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan banki da 'yan mata ƙalilan, su hau titi kafin motoci su farka. Ba su da dokoki da yawa, amma akwai guda da ba a wasa da ita. Duk fita ana naɗa mutum ɗaya ya bi bayan kowa, suna kiransa makiyayi. Shi ke sa riga ruwan lemo, shi ke goya jakar famfo da kayan faci, da duk wani abin da marasa aljihu suka ba shi ajiya. Makiyayi ba ya wuce kowa. Ko mutum sauka ya yi yana tura kekensa, shi ma sauka zai yi ya tura nasa a bayansa.

"Bari in kira shi," in ji Kabir, ya zaro waya.

Sai ga ƙarar waya ta tashi, karatun nan da Kawu Tukur ya sa tun shekarun baya bai taɓa canjawa ba. Ba daga nesa take ba. Daga bayan Shamsuddeen take fitowa, cikin jakar da ke goye a kafaɗarsa.

Ji ya yi kamar an kwara masa ruwan randa. Sai yanzu ya tuna. Da asuba, Kawu ya miƙo masa waya da ɗan ƙullin dabino a leda, yana mita a kan kayan motsa jikin da Shamsuddeen ya saya masa. "Wane irin tela ne zai ɗinka wa namiji riga da wando ba aljihu? Riƙe mini. In ka ga na fara ganin mutum biyu-biyu, ka miƙo mini dabinon."

Nafisat ce ta fara miƙewa. Nas ce a asibiti, ta san abin da ake nufi da mai ciwon suga irin Kawu a kan keke, cikin rana, ba komai a hannunsa. "Tun yaushe rabonka da shi?" ta tambaya.

Bai iya dubanta ba. Ya haye kekensa ya juya.

Ya bi gefen titi a hannun da ba nasa ba, direbobi na danna masa oda suna zaginsa, shi ko jinsu ba ya yi. Abin da ya faru ne ke ta dawo masa, ɗaya bayan ɗaya. Sun wuce gadar Kawo lafiya, Kawu na gabansa yana taka feda a hankali yana ba shi labarin wani mai sayen hula da ya gwada rabin shagonsa na Kasuwar Barci ya tafi bai sayi ko ɗaya ba. Da suka zo hawan Barakallahu sai labarin ya yanke, numfashi ya maye gurbinsa. A daidai lokacin ne Shamsuddeen ya hango shuɗin mayafin Nafisat can gaba, yana kaɗawa ƙarƙashin hular kwano, kuma a gefenta Aliyu ɗan banki ne a kan kekensa mai tsada, yana faɗa mata wani abu har tana dariya.

Watanni ke nan Shamsuddeen na ɗauke da sonta kamar garwashi a tafin hannu, bai ajiye ba, bai kuma nuna wa kowa ba. Ya rubuta mata saƙonni ya goge. Ya haddace maganganun da zai yi mata, su watse da zarar ta ce masa ina kwana. Dariyar nan da ta yi wa Aliyu ce ta tsinka masa wani abu a ƙirji. Ya ce wa ransa, kalma ɗaya kawai zai je ya yi mata ya dawo.

"Kawu, ina zuwa," ya ce, ya miƙe a kan feda.

Da yake wucewa, Kawu ya ɗaga hannu ɗaya. Shi ya ɗauka sallama ce, je ka abinka. Yanzu, da iska ke dukan fuskarsa, hannun nan ya tsaya masa a ido. Tafin a buɗe yake, yana kallon sama. Ba haka ake yi wa mutum sallama ba. Haka ake miƙa hannu a karɓi abu.

Ya isa gefen Nafisat, ta ce, "Ina Baba?" Ya ce, "Ga shi nan, garau yake." Daga nan suka shiga hirar gonakin da damina ta yi wa kore shar, da yadda ƙasa ke ƙamshi bayan ruwan daren jiya, da kakarta da ke Kudan wadda har yau ba a gaya mata jikarta na hawa keke ba. Aliyu ya gaji ya yi gaba. Shamsuddeen bai taɓa jin tafiya ta yi masa daɗi haka ba. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

Dab da Rigachikun ya hango cincirindon mutane ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, da baron rake a gefe, da baƙin keken Kawu kwance a cikin ciyawa, tayar gaba ta karkace. Ya yar da nasa ya kutsa.

Kawu Tukur na kwance a kan buhu, an tallafe kansa da ɗaurin rake. Gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, gwiwarsa ta ƙuje tana jini, idanunsa rabi a buɗe ba sa ganin kowa. Mutumin da ya riƙe Shamsuddeen tun rasuwar mahaifinsa, wanda ya bi shi da gudu a lungun Badarawa riƙe da sirdin keke yana koya masa hawa har takalminsa ya tsinke, ga shi ya koma ɗan ƙarami a kan buhun wani.

"Naka ne?" in ji mai raken, wani siriri da ake kira Ila. "Wallahi tun daga can na hango shi yana tangaɗi. Ya sauka yana tura keken, yana ta laluben jikinsa kamar mai neman aljihu. Na ce Baba lafiya? Kafin in rufe baki ya zube. Na sa masa rake ya kasa taunawa."

"Ku ba shi iska! Ku matsa!" Nafisat ce, ashe tana biye da shi tun daga Maraban Jos. Ta durƙusa ta taɓa wuyan Kawu, ta ɗaga fatar idonsa. "Ba ya tafiya da wani abu mai zaƙi?"

Shamsuddeen ya sauke jakar. Ya zaro ƙullin dabinon ya miƙa mata. Ta dubi ledar, ta dubi rigar ruwan lemon da ke jikinsa, sannan ta dube shi. Kallon bai daɗe ba, amma ya gwammace ta mare shi. Ta ɓare dabino ta murje shi da yatsa ta shafa a cikin kumatun Kawu, tana kiran, "Baba! Baba Tukur, ka ji ni?" Ila ya tare Napep. Ita ta shiga ta ɗora kan Kawu a cinyarta, Shamsuddeen ya riƙe ƙafafunsa, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

A wani ƙaramin asibiti da ke bakin hanya aka sa masa ƙarin ruwa. Kafin azahar idonsa ya washe, har ya fara tambayar ina hularsa. 'Yan ƙungiya sun cika barandar, takalmansu na ƙwas-ƙwas a kan siminti. Kabir ya shigo ya tsaya a bakin gado, fuskarsa ba walwala.

"Sannu, Baba. Allah ya kiyaye gaba. Amma dole in tambaya, yaya aka yi makiyayi ya bar ka?"

Shamsuddeen ya buɗe baki. Kawu ya riga shi.

"Ni na kore shi."

"Kai, Baba?"

"Ni. Yaro ya manne mini a baya kamar kaska, ko tari na yi sai ya ce Kawu lafiya. Na ce da Allah wuce ka ba ni wuri, ni ba jinjiri ba ne. Ya ƙi, na rantse masa. To me zai yi? Kawunsa ne."

Kabir ya girgiza kai. "Haba Baba. Dokar nan ai don irin haka aka yi ta."

"Na ji, na tuba. Tsufa ne, Kyaftin, yana zuwa da taurin kai."

Aka yi dariya, har Aliyu na cewa shi ma babansa haka yake. Wani ya dafa kafaɗar Shamsuddeen yana ba shi haƙuri. Nafisat kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana tsaye tana gyara robar ƙarin ruwan, idonta a kan ɗigon da ke sauka.

Bayan la'asar suka kawo shi gida Badarawa a motar Kabir, kekunan a ɗaure a baya. Inna Harira ta tare su a zaure. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta kama hannun mijinta ta kai shi ɗaki, ta kawo masa kunu, ta yi wa Kabir godiya har ƙofar gida. Ta riƙe Nafisat ta ce ba za ta tafi ba sai ta ci abinci. Sai da gida ya yi shiru sannan ta tsaya a ƙofar ɗakin, hannu a ƙugu.

"Malam, da faɗuwa kawai ka yi, da na ce tsautsayi ne. Amma a ba ka mai tsaronka ka kore shi? Gobe ma haka za ka yi. Na aika a kira Rabe mai gyara, ya zo ya ɗauke keken nan ya nemo mai saye. Ni ba zan zauna ina jiran a kawo mini gawarka daga titin Zariya ba."

"Harira..."

"Na gama magana."

Ta saki labule. Shamsuddeen na zaune a ƙasa kusa da gadon, kansa tsakanin gwiwoyi.

"Kawu, me ya sa?"

"Me ya sa me?"

"Ka san ba haka aka yi ba. Hannu ka miƙo mini. Na gani, Kawu, na wuce."

Kawu ya kurɓi kunu, ya share gemunsa. "Ni ma na gani. Na ga shuɗin mayafi, na ga ɗana ya tashi sama kamar an harba shi da gwafa." Ya yi 'yar dariya, tari ya biyo baya. "Ka yi shiru da bakinka. Faɗan Harira na saba da shi, abincina ne. Kai kuwa in ta ji, ta daina kallonka da idon da take kallonka. Ga kuma yarinyar mutane a tsakar gida. Kana so ta tafi da labarin cewa kai mai yar da tsoho ne a titi?"

"Keken fa?"

"Keke ai ƙarfe ne."

Ya faɗa da sauƙi, amma idonsa ya tafi taga, inda ake hango keken jingine da bangon zaure. Shamsuddeen ya san ƙarya ta biyu ke nan da Kawu ya yi saboda shi a yini ɗaya. Kafin keken nan, Kawu daga shago sai tabarma, ƙafafunsa na masa zugi da dare, likita na ƙara masa ƙwayoyi. Shi Shamsuddeen ne ya yi ta lallashinsa har ya yarda ya hau. Cikin damina ɗaya mutumin ya canja. Ya koma yin barci, ya koma tsokanar maƙwabta. Duk Juma'a da yamma yakan zauna a kujera 'yar tsugunno da tsohon buroshin haƙori yana wanke sarƙar keken, kamar mai yi wa jariri wanka. Ya taɓa ce masa, "Shekara nawa ina garin nan, ashe ban taɓa ganinsa da sassafe ba. Kullum ina cikin bas, ina kallon ƙeyar wani."

"Allah ya ba ka lafiya, Kawu," in ji shi, ya miƙe.

"Shamsu. Na ce ka yi shiru."

Ya fita.

A tsakar gida Inna Harira na tsugune gaban baho tana cuɗa wandon Kawu, ruwan ya yi ja-ja-ja da jinin gwiwa. Nafisat na zaune a tabarma da kwanon shinkafa da wake a gabanta, ko rabi ba ta ci ba. Ya so a ce ta tafi. Ya tsaya yana jiran ko za ta tashi wanke hannu, ba ta tashi ba. Daga waje ya ji ana buga ƙofar zaure, muryar Rabe na rafka sallama.

Ya durƙusa a gaban bahon.

"Inna, kada ki ba da keken."

"Kai ma za ka fara? Kai da ya wulaƙanta a gaban mutane?"

"Bai kore ni ba, Inna."

Hannunta ya tsaya a cikin ruwan.

"Bai ce mini komai ba. Ni na tafi. Yana haki a kan hawa, ya miƙo hannu in ba shi dabinonsa, na wuce shi da dabinon da wayar duka a bayana. Ban waiwaya ba har Maraban Jos. Rufa mini asiri ya yi."

"Ka tafi ina?"

"Gaba."

"Me ke gaban?"

Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Inna Harira ta dube shi, ta juya a hankali ta dubi tabarma. Nafisat ta ajiye cokali, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

"Inna, wallahi na tambaye shi," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ya ce mini Baba garau yake."

"Na yarda, 'yata. Ci abincinki."

Ta matse wandon, ta miƙe ta shanya shi a igiya, ta daidaita ƙafafunsa kamar ba abin da ya fi wannan muhimmanci a duniya. Shamsuddeen na durƙushe yana jiran zagi. Da ta zage shi, da ya samu sauƙi. Ita ce ta yi jinyarsa lokacin ƙyanda, ita ke ɓoye masa ƙanzon tuwo tun yana firamare, ita ke ce wa maƙwabta ko 'ya'yan da ta haifa ba su kai shi hankali ba.

"Da asubar nan," ta ce, ba ta juyo ba, "na bi ku har zaure. Na ce Shamsu, ga Kawunka nan. Ka ce mini me?"

"Na ce ki kwantar da hankalinki."

"Na kuwa kwantar. Har barci na koma."

Daga ɗaki Kawu ya ɗaga murya. "Harira, yaro ne! Kowa ya yi ƙuruciya!"

"Kai kuma maƙaryaci, ka kwanta, zan zo kanka."

Rabe ya sake sallama. Ta goge hannunta a zani, ta yafa gyale, ta nufi zaure. Shamsuddeen ya ji tana cewa, "Rabe, ka yi haƙuri na taso ka. Sayarwar an fasa. Tafi da shi ka miƙe tayar gaban, ka duba birki, ka dawo da shi kafin Juma'a."

Wani abu mai nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, wani ya hau. Ya ji ƙarar sarƙar keken ana tura shi waje. Inna ta dawo ta tsaya a tsakiyar gidan, inda na ɗaki da na tabarma da na durƙushe duk za su ji ta.

"'Yata, kina fita kowace Asabar?"

"Ina fita, Inna, in ba ni da aiki."

"Za ki iya tafiyar tsoho? Ba ya sauri, ga surutu."

Nafisat ta ɗago. Ba ta dubi Shamsuddeen ba. "Zan iya."

"To shi ke nan." Inna Harira ta ɗauki bahon ta watsar da jan ruwan a makwarara. "Malam zai koma kan kekensa. Ranar da kike da aiki, ya zauna a gida. Dabinonsa da wayarsa a hannunki zan riƙa damƙawa, ke za ki bi bayansa. Kai kuma Shamsuddeen, tunda gaba kake so, ka yi ta tafiya gaba."